INJIN MALAM ILIYASU

Shafi na 19

Assalamu alaikum jama'a. Na ga saƙonninku duka, na masu jin haushin Siddiƙu da na masu cewa da su ne da sun yi abin da ya fi nasa. Ban hana kowa ra'ayinsa ba, zagi kawai nake gogewa.

Ga wanda ya shigo yau: Ruƙayyatu ce mai shagon gyaran injinan ban-ruwa da ke bakin kasuwar Goronyo. Mijinta Kabiru ne ya bar mata shi tare da 'ya'ya uku, shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka kashe shi a hanyar Rabah. Ƙaninsa Siddiƙu ke riƙe da aikin. Makon jiya wani manomin albasa daga Taloka, Malam Iliyasu, ya miƙe a taron gari ya ce a zauna da mutanen daji a yi sulhu. Wani ya ɗauki muryarsa a waya, ta zaga ko'ina. Yau da safe ya kawo injinsa gyara.

*

Sai bayan azahar Siddiƙu ya amsa kiran.

Ya tsaya a zaure ya yi sallama. Sai da ta ce ya shigo har sau biyu sannan ya ɗaga labule.

Ruƙayyatu na zaune kan tabarma a inuwar rumfa, faifan wake a gabanta. Tun hantsi take tsince shi, bai ƙare ba. Siddiƙu ya durƙusa daga nesa, baƙin mai bai fita daga faratansa ba duk da alwalar da ya yi.

"Innar Aziza, an ce kina kirana."

"Tun hantsi nika kiranka."

"Aiki na yay yi yawa."

Ta ture faifan gefe.

"An ce mani mutum ya taho tun daga Taloka da inji ɗaure bayan mashin, kac ce mai shi maida abinai."

"Hakanan na."

"Mi yal lalace ga injin?"

"Ban duba ba."

"Ba mu da kayan gyaran?"

"Muna da su."

"To mi?"

Ya ɗago kai ya dube ta, abin da ba ya yi.

"Kin ji muryar. Na san kin ji ta. Aziza ta gaya mani kwana biyu ba ki sa komai bakinki ba."

Ba ta musa ba. Ta ji muryar, sau ɗaya, a wayar maƙwabciyarta. Minti uku ne kacal. Muryar dattijo ce mai sanyi, ba ihu ba zagi. Ya ce shekara nawa ana binne mutane, gonakin nesa sun zama kufai, a gwada zama da su ko a samu a yi noma. Sannan ya ce, "Su ma ɗiyan wasu na." A nan ta miƙa wa matar wayarta ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

"Na ji," ta ce.

"To ni niw wanke Yaya. Ke ba ki gani ba, ni na gani. Wanda za shi tsaya gaban jama'a shi ce a shimfiɗa ma waɗanda sunka yi wanga aiki tabarma, hannuna ba shi taɓa kayanai. Ko da shi kaɗai yar rage a Goronyo."

"Siddiƙu, shekara goma sha tara yayanka shina buɗe ƙofar can. Ka taɓa ganin ya mai da mutum?"

Ya kau da kai. Ta ci gaba.

"Lokacin zaɓe mutum shi taho da hular jam'iyyar da yayanka ba shi ko son gani, shi gyara mai. Wanda ba shi bin limaminmu sallah, shi gyara mai. Su yi musu har magariba, sufana na hannunai."

"Wancan siyasa ta. Wanga jini na."

"Na sani. Jinin mijina na."

Ya sunkuyar da kai. Wata kaza ta lallaɓo ta fara tsattsagar waken, babu wanda ya kore ta.

Can ya ce, "Shagon naki na da marayu, ban taɓa musawa ba. Kullum ni nika kawo maki makulli ki sa albarka. Amma hannun nawa na, Innar Aziza. Aiki nika maki, ba ki sayi zuciyata ba."

"Ban saya ba."

"To kar ki sa ni abin da in na yi shi ba ni iya kallon kabarin Yaya."

Ta daɗe tana dubansa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu aka kawo ta gidan nan, ita ta riƙa zuba masa tuwo. Yau ga furfura ɗaya-biyu a gemunsa, duk a cikin shekara biyun nan suka fito.

"Akwai kuma wata magana," ya ce. "Alhaji Maccido ya taho da kainai."

Alhaji Maccido shi ne shugaban ƙungiyar manoman albasa. Rabin injinan da ke shiga shagon na mutanensa ne.

"Yac ce ran da injin Iliyasu yat tsallake dokin ƙofarmu, su kwashe nasu su koma Wurno da gyara. Inji ya hi talatin."

"To don Alhaji kaƙ ƙi, ko don yayanka?"

"Don Yaya. Na Alhaji na gaya maki na don ki sani."

"Ina mutumin yanzu?"

"Shina nan gindin dogon yaro tun sahe. Yac ce babu direban da za shi ɗaukar mai shi zuwa Wurno, ya tambayi huɗu."

"Ya ci abinci?"

"Ban tambaya ba."

Ya miƙe ya kaɗe gwiwar wandonsa.

"In kinka ce a shigo da shi, ba ni jayayya da ke. Makulli kawai za ni kawo maki, in bar aikin."

Ya fita. Ta bi labulen da kallo har ya daina motsi.

*

Ba a yi rabin awa ba aka sake sallama. Muryar mace.

Wata dattijuwa ce siririya, ƙafafunta sun yi futu-futu da tafiyar ƙasa, roba a kanta an rufe da tsumma. Ruƙayyatu ta taɓa ganinta a wani suna, ba ta riƙe ko wace ce ba.

"Ni ta Fatsuma, matar Malam Iliyasu."

Ruƙayyatu ta gane sunan. Duk da haka ta gyara mata tabarma, ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa mata. Fatsuma ta shanye tas, ta yi hamdala.

Suka gaisa. Gajiya, gida, yara, zafi.

Fatsuma ce ta fara.

"Ba roƙo niz zo ba, Hajiya. Malam bai san na biyo nan ba, da bai bari ba."

Ta sauke tsumman. Dawa ce surfaffiya, an wanke, har ta fara tsami.

"Tun jiya nika yawo da ita. Mai niƙanmu na Taloka yam maido mani, yac ce layi ya cika. Babu kowa gabana. Yau na taho nan Goronyo, na bakin tasha yac ce injin ya lalace. Ina tsaye ina jin shi shina ruri."

Ruƙayyatu ta dubi dawar.

"Mai shayi ya daina amsa mai sallama. Mai taki yac ce ya ƙare. Ɗiyata ta je ɗibar ruwa, mata sunka janye bokitansu awa mai cuta ta iso. Duk wanga mun haƙura. Amma albasar kwananta huɗu babu ruwa. Ganyen ya hwara kwantawa. Saura kwana ashirin a cire ta, ita ta abincinmu na shekara."

"Inna, in tambaye ki?"

"Tambaya."

"Ke kin yarda da abin da yac ce?"

"A'a."

Ruƙayyatu ta ɗago.

"Ban yarda ba," Fatsuma ta sake cewa. "Ƙanena Lukman cikin gona sunka iske shi bara da damina, hauya na hannunai. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ran da Malam yay yi maganar ga a taro, da yad dawo ban amsa mai sannu ba. Na gaya mai wanda yak kashe Lukman ba ni zama inuwa ɗaya da shi, duniya da lahira. Har yau da sahe sai da munka yi musu."

Ta mai da tsumman kan robar, ta gyara bakinsa a hankali.

"Ban kai mai tuwo da hannuna ba daren nan, ɗiyata nis sa ta kai. Amma na tuƙa tuwon, Hajiya. Ban ce sai ya janye maganar za shi ci ba."

Ruƙayyatu ta tuna takabarta.

Wata huɗu da kwana goma, mutanen da ba ta sani ba suna aiko da hatsi. Ba ta taɓa tambayar me kowannensu yake faɗa a majalisa ba. Ta tuna muryar nan kuma, su ma ɗiyan wasu na, ta ji ɗacin ya sake taso mata. Duka biyun suna nan, babu wanda ya kori wani.

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta fito da babban hijabinta mai ruwan toka.

"Bar dawar nan, in Aziza tad dawo makaranta ta kai maki gidan Gwaggona, suna da ƙaramin inji. Ni za ni shago."

"Ki yi mi?"

"In ce a gyara."

Fatsuma ba ta yi godiya ba. Ta dai kama gefen hijabin.

"Zauna kaɗan."

"La'asar na tahowa, Inna."

"Zauna. Akwai abin da niz zo da shi, na ce ma raina ba ni faɗinai sai in kin ɗauki mayafinki da kanki. Ban son ki yi don sakayya."

Ruƙayyatu ta zauna a bakin tabarmar.

"Wa anka ce maki ya kawo gawar maigidanki?"

"'Yan sa-kai. Sunka ce bakin hanya sunka tsince shi, washegari."

"Bakin hanya sunka ɗauke shi, gaskiya na. Wa yak kai shi bakin hanyar?"

Ruƙayyatu ta matso kusa da ita.

"Da 'yan bindigar sunka tare shi, cikin daji sunka shiga da shi. Babu wanda yay yarda shi bi su. Akwai wani cikinsu da yat taso unguwarmu, Malam ya san ubanai tun suna samari. Da asuba ya sa takalmi yac ce mani in bai dawo ba in yahe mai. Shi kaɗai, babu ko sanda."

"Inna..."

"Sai gab da magariba yad dawo. Bisa bayanai yag goyo shi, tun daga can har titi. Ni niw wanke rigar. Ruwa uku na canza."

Hawaye suka zubo wa Ruƙayyatu ba tare da ta motsa fuska ba.

"Mi yas sa ba a gaya mani ba?"

"Ya sa shugaban 'yan sa-kai ya rantse, ni ma ya sa ni. Kin san garinga. In anka ji mutum ya shiga wurinsu ya hito da rai, sunanai infoma. Ba shi kwana uku."

"Mi yak kai shi? Ba danginmu na ba."

"Na tambaye shi. Yac ce dole wani shi tahi, kuma shi kaɗai yas san wani a cikinsu."

Fatsuma ta share idonta da bakin zane.

"Na karya rantsuwa yau, zan yi kaffara. Abu ɗaya nika roƙonki. Kar ki faɗe shi gaban mutane, ko da za su zage ki."

"Ba ni faɗi."

*

Rabonta da shagon tun ranar da aka kawo gawar.

Allon yana nan, sunan Kabiru ya koɗe har harafin farko ya kusa ɓacewa. Injina ja da kore a jere a ƙarƙashin rumfar kwano, tiyo a nannaɗe, ƙasa baƙa da mai. An idar da la'asar, mutane sun fi na kullum yawa, kuma ba duka gyara ya kawo su ba.

Alhaji Maccido na zaune a benci da carbi a hannu. Lawwali, makaniki na biyu, mutumin Lahodu mai 'ya'ya biyar wanda ba a cika jin muryarsa ba, yana wanke wasu ƙarafa a cikin kwanon fetur. Siddiƙu na tsaye a bakin ƙofa.

Can gefe, a gindin dogon yaro, wani dattijo mai farin gemu na zaune kan buhu shi kaɗai. Jan inji a gabansa, igiyar da aka ɗauro shi da ita tana nan ba a kwance ba.

Hira ta ɗauke da aka gan ta.

Ta wuce kowa ta nufi bishiyar. Dattijon ya yunƙura ya miƙe.

"Malam, ina wuni."

"Lahiya lau, Hajiya. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma rage ta ba. Na kan benci suna ji.

"Malam, na ji muryarka. Ban yarda da kai ba, kuma ba ni jin zan yarda har in koma ga Allah. Kac ce su ma ɗiyan wasu na. Nawa ukun da ke gida, su ma ɗiyan wani na."

"Na sani, Hajiya."

"Kana nan bisa maganarka?"

Ya dubi injinsa. Ya dubi mutanen da ke kallo.

"Ina nan. Tun sahe mutum uku sun ce mani in ce kuskure niy yi, sai a gyara. Ban iya ba. Wataƙila na yi kuskuren, Allah shi ka sani. Amma abin da nig gani ke nan."

Ta gyaɗa kai. Ta juya.

"Lawwali, ɗauko injin Malam."

Lawwali ya tsaya da hannu cikin kwanon. Ya dubi Siddiƙu, ya dubi Alhaji.

Alhaji Maccido ya sa carbinsa a aljihu.

"Hajiya, ki yi mani izini in yi magana."

"Bismillah, Alhaji. Kai uba na."

"Ke kin hi kowa sanin abin da anka yi muna. Ni ɗan ƙanena wata biyar shina hannunsu. Ba mu da bindiga, ba mu da kotu. Abu ɗaya yar rage muna, mu juya ma mutum baya. In mutum za shi faɗi irin wagga magana, shi tashi da sahe shi sha shayi, a niƙa mai, a gyara mai, awa bai ce komai ba, gobe mutum goma za su faɗe ta. Jibi sai mu ga an shimfiɗa masu darduma a fada. Ba ƙiyayya ta ba, Hajiya. Tsoro na."

Wasu suka ce haka ne.

Ruƙayyatu ta ji maganar ta shige ta, don babu ƙarya a ciki.

"Alhaji, a taro yay yi magana. Ku kira wani taron ku amsa mai. In ana barin mata su yi magana, ni za ni hwara tashi. Amma matarshi ba ta yi magana a taro ba, tun jiya taka yawo da dawa bisa kai. Jikokinshi ba su yi ba."

"Kowa da nashi shika shan wahala."

"To yau Malam na, don maganar sulhu. Gobe in wani mai ƙarhi yaz zo yac ce kar in gyara naka don kana sayen mai kana ba 'yan sa-kai, mi za ni ce mai? In na hwara tambayar mutum mi yac ce kahin in duba mi yal lalace, ban san inda za ni tsaya ba."

"Ki tuna da marayu."

"Su nika tunawa. A garinga za su girma."

Alhaji ya miƙe ya gyara babbar rigarsa. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce.

"Injinanmu za su Wurno."

"Allah shi kiyaye hanya, Alhaji. Ran da kunka dawo ƙofa na buɗe."

Ya tafi. Mutum shida suka bi shi. Wani ya dawo ya ɗauki injinsa da aka riga aka kwance, ya zuba ƙusoshin a aljihu, ya ɗora a kafaɗa ya wuce ba sallama.

Ta juya wajen Siddiƙu.

"Kac ce hannun naka na. Gaskiya ta, ba ni tilasta ka, ko yau ko gobe. Ka zauna ka yi wani aikin. Amma ƙofar tawa ta."



Lawwali ya goge hannunsa da tsumma, ya taka zuwa gindin bishiyar. Shi da Malam Iliyasu suka kama injin, ɗaya gaba ɗaya baya. Da suka iso bakin ƙofa Siddiƙu ya matsa gefe don kada ko rigarsa ta taɓa shi. Ya shige ɗakin ciki inda ake ajiye kayan gyara.

Ruƙayyatu ta bi shi.

Ya shimfiɗa buhu a ƙasa yana jera sufanunsa a kai, daga ƙarami zuwa babba. A waje Lawwali ya ja igiya. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja. Ya sake mutuwa.

Siddiƙu bai juya ba, ya ɗaga murya kaɗan.

"Ba fulogi na ba. Ruwa yash shiga kabireta, kwance ta ka hure."

Sai ya cije leɓe, kamar wanda bakinsa ya ci amanarsa.

Ruƙayyatu ta turo ƙofar ta bar ta a ɗan buɗe. Ta yi ƙasa da murya sosai.

"Siddiƙu, kahin ka tahi akwai abin da ya kamata ka sani. Ba don shi niy yi abin da niy yi ba, na riga na ɗauki mayafina kahin in ji daga bakin matarshi. Mutumin da kab bari cikin rana tun sahe, shi yash shiga daji yag goyo yayanka."

Ta jira ta ga ya firgita.

Bai firgita ba. Ya ɗora sufana ta ƙarshe a kan buhun.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun ran sadakar uku. Shi yaj ja ni bayan masallaci yag gaya mani."

"Shekara biyu kana sane, kuma yau ka..."

"Matarshi ba ta gaya maki duka ba, don ita ma ba ta sani ba." Ya juyo ya fuskance ta. "Sa'ad da yak kai wurin, Yaya da ranshi."

"Da ranshi?"

"Da ranshi, Innar Aziza. Shina kwance gindin itace, harbi ga ciki. Shi ko wanga yaz zauna da su tun hantsi har la'asar shina lallashi, shina ba su haƙuri, shina kiran sunan ubanninsu. Kahin su ce shi ɗauka, rai ya yi halinai. Wanga shi na sulhun da shika kira. A zauna a yi ta magana mai daɗi, naka na zubar da jini."

Ƙofar ta motsa.

Malam Iliyasu ne a tsaye, hularsa a hannu. Babu wanda ya ji tahowarsa.

"Ku gafarce ni, tambaya niz zo yi ko akwai sabon tiyon mai. Na ji ana maganata." Ya shigo ya mai da ƙofar. "Gaskiya yaf faɗi, Hajiya. Da ranshi nis same shi. Su goma sha ɗaya na da bindigogi, ni ɗaya. Bakina kaɗai gare ni, kuma bai isa ba. Babu daren da ba ni tuna wannan."

"Ya yi magana?"

"Malam," Siddiƙu ya ce. "Kar ka."

"Ya yi, Hajiya. Sun bar ni na ba shi ruwa."

"Malam, don Allah."

"Siddiƙu, ka roƙe ni ran sadakar uku, na yi shiru. Ka hana ni gyara yau, ban buɗe baki ba, kuma da ba ta tambaya ba da na tahi da shi kabari. Amma saƙon nata na, kuma ta tambaya."

A waje Lawwali ya ja igiya. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, ƙararsa ta cika shagon har kwanon rufi na rawa.

Ruƙayyatu ta leƙa.

"Lawwali, kashe shi."

Ƙarar ta ɗauke.

Ta dawo ta tsaya a gaban dattijon.

"Gaya mani. Yadda yac ce, kar ka gyara."

Malam Iliyasu ya runtse ido.

"Ya yi kalmar shahada. Yac ce a kula da yara. Sannan yar riƙe mani hannu yac ce, ka gaya ma Siddiƙu na yahe mai. Ka gaya ma Ruƙayya ita ma ta yahe mai, bai san abin da za shi hwaru ba."



Ruƙayyatu ta juya a hankali.

Siddiƙu ya sulale jikin bango har ƙasa, ya rufe fuskarsa da hannuwansa biyu.

"Siddiƙu," ta ce. "In yahe maka mi?"